KO ZAGI NE, YA FAƊI SUNANA

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, na kuma ji ƙorafin masu cewa na bar su a tsaye. Ku gyara zama, bismillah.

*

A bakin famfon Unguwar Ardo, in dai mata uku suka haɗu, to ta huɗunsu Sa'adiyya ce, ko da ba ta wurin.

"'Yar gidan Halliru? Ai wannan sai addu'a."

"Yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya a makaranta?"

"Da ke nan. Yanzu a dambe take ɗaukar na ɗayan. Ba ki ji ta fasa wa 'yar gidan mai faci leɓe ba?"

"Da safe za ta sa kayan makaranta ta fita kamar ta Allah. Wallahi ba ta kaiwa makarantar Gwiwa. Kan dutse take hayewa da wayar uwarta."

"Waya? To ai magana ta ƙare. Saurayi ne."

"Gidan da babu namiji ai sai haka. Shekara uku fa, tun da ya samu gadin nan a Fatakwal ko sallah ba ya zuwa."

"Yana dai aiko da kuɗi."

"Kuɗi yana tsawatarwa ne?"

Dariyar ba ta gama sauka ba suka ankara da Rahamatu tsaye a bayansu da jarka.

"A'a, Rahamatu, sannu da fitowa. Ya yara?"

"Lafiya lau," in ji ta.

Ta ji komai, tun daga leɓen har zuwa saurayin. Ta tara jarkarta, ta zuba wa ruwan ido har ya cika. Ko da tana da bakin ramawa, ba ta da damar yi. Sa'adiyya 'yar farinta ce, kuma a inda Rahamatu ta tashi uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban mutane. Uba ma haka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Sauran dangi su ke ɗauke wannan nauyin: kaka ta yi wasa da shi, gwaggo ta goya shi, kawu ya saya masa alewa.

Sai dai gidan Halliru yanzu babu sauran dangin. Ƙanensa ya kwashe iyalinsa ya yi Legas. Dada, mahaifiyarsu, wadda ke cika tsakar gida da kiran "Sa'ade ƙawata", ta rasu daminar bara. Ɗaki shida ne a gidan, huɗu da kwaɗo a jiki. Saura Rahamatu da 'ya'yanta uku, da akuya, da keken Halliru da ke rataye a zaure, tayoyinsa sun daɗe da sacewa.

Da ta kawo ƙofar gida sai ta ga babur a jingine.

A gindin darbejiya ta tarar da su kan tabarma. Haladu ne, yayan mijinta da ya daɗe da ware nasa gidan, da tsumagiya ajiye kusa da ƙafarsa. Gefensa Malam Sama'ilu, malamin ajin Sa'adiyya, abokin Halliru tun suna kiwon awaki.

Ta sauke jarkar, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Sannunku da zuwa, Yaya. Malam, ina wuni?"

"Ba wuni ya kawo mu ba," in ji Haladu. "Malam, maimaita mata abin da ka gaya mini."

Malam Sama'ilu ya gyara hularsa.

"Yau kwana ashirin da uku ke nan Sa'adiyya ba ta shiga aji ba. Ranar Juma'a za a rufe sunayen 'yan aji uku masu rubuta jarrabawa. Duk wanda bai zo an ɗauki hotonsa ba kafin nan, sunansa ba zai shiga ba. Yau kuwa Laraba."

"In bai shiga ba fa?" in ji Haladu.

"Shekara ta tafi. Kuma Yaya Haladu, a ƙauyen nan ban taɓa ganin yarinyar da ta zauna shekara guda a gida ta koma ba."

Haladu ya ɗaga murya wajen ɗaki.

"Ke! Fito nan. Ki taho da wayar."

Sa'adiyya ta fito. Ta yi tsawo a shekarar nan, ta rame, hijabin makarantar ya ɗage mata har gwiwar hannu. Ta durƙusa ta gaishe su, idonta a ƙasa.

"Wane ne shi?"

"Wa, Baffa?"

"Kada ki raina mini hankali. Wanda kike hawa dutse dominsa."

"Ba kowa."

"Ba kowa? Da aljanu kike hira?" Ya ɗauki tsumagiyar. "Malam, karɓi wayar nan ka bincika. Ni ban iya latse-latsen nan ba. In ka ga lambar ɗan banzan, karanto mini, yau sai na san gidan ubansa."

Ta miƙa ba musu. Wayar da Halliru ya aiko ce shekara uku da suka wuce, fuskarta duk ta tsage. Da yake Rahamatu ba ta karatu, da saƙon murya suke gaisawa: shi ya yi magana ya turo, in an je caji ko an hau inda sabis ke kamawa ya shigo, su saurara su mayar.

Malam ya daɗe yana dubawa. Ya hau sama, ya sauko ƙasa.

"Babu baƙuwar lamba, Yaya. Ba ta kira kowa ba, ba wanda ya kira ta."

"Ta goge ne."

"Ban ga alama ba. Abin da aka fi buɗewa a nan saƙonnin Halliru ne."

Ya danna ɗaya. Sai ga muryar Halliru ta cika tsakar gidan, da ƙarar motoci a bayanta.

"Assalamu alaikum. Ya gida, ya zafi? Musaddiƙ, an ce ka shiga izu na uku, Allah ya yi albarka. Nafisat 'yar Baba, haƙorin ya fito kuwa, ko har yanzu wawulo ne? A gaida Yaya Haladu. Akuyar nan ta haihu? A duba rufin ɗakin Dada kafin ruwa ya sauka. To, a gaida sauran yara."

Saƙon ya ƙare. Akuyar ta yi kuka daga turke, kamar ta ji an ambace ta.

"Sauran yara," in ji Sa'adiyya a hankali. "Mu uku ne fa, Baffa."

Ta dubi wayar a hannun Malam, ta ci gaba.

"Guda ɗari biyu da goma sha ɗaya ne tun tafiyarsa. Na saurare su duka, wasu sau goma. Akwai Musaddiƙ, akwai Nafisat. Akwai kai. Akwai Dada kafin ta rasu. Akwai akuya, akwai rumbu, har da mai cajin waya ya taɓa cewa a gaishe shi. Ni babu."

Haladu ya dube ta, ya dubi Malam, sai ya fashe da dariya ya ajiye tsumagiyar.

"Wannan ne? Wannan ne ya hana ki karatu? Ke 'yar fari ce, sakarya! So kike ubanki ya riƙa kiran sunanki kamar mai tallar goro? Ni nan da kike gani ɗan fari ne. Har Dada ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce Haladu ba. Na mutu?"

"Baffa, kai kana ganinta kullum."

Haladu ya daina dariyar.

Rahamatu ta ɗago ido ta saci kallon 'yarta. Rabon da ta ji ta yi magana mai tsawon haka tun zaman makokin Dada.

"Da Baba yana nan ban taɓa damuwa ba," in ji Sa'adiyya. "Kullum da safe zai fito da keke. Ba ya ce mini komai, ƙararrawa kawai yake bugawa sau biyu, in fito in hau baya. Har Gwiwa ba ma magana. In mun zo wurin yashin nan sai ya sauka ya tura, ni ina zaune a kai. Ranar da aka ba mu sakamako, ba ya tambaya. Zai tsaya a kasuwa ya sayi rake ya miƙo mini ta baya, bai waiwayo ba. Na san abin da yake nufi."

Ta share hanci da gefen hijabi.

"Yanzu babu keke, babu rake. Murya ce kawai ta rage, ita kuma ba ni a cikinta."

Malam Sama'ilu ya yi gyaran murya.

"Sa'adiyya, duk farkon zango yana kirana. Sai ya ce, 'Sama'ilu, ya ɗalibanka?' Kin san ba duka ajin yake tambaya ba."

"Na sani, Malam. Amma kai ka ji, ba ni ba."

"To meye haɗin wannan da barin makaranta?" in ji Haladu. Muryarsa ta sauko.

"Bayan tafiyarsa sau biyu ina ɗaukar na ɗaya. Inna ta sa Musaddiƙ ya gaya masa. Ya ce madalla, Allah ya yi wa yara albarka. Yara. Sai na ce to bari in gwada ɗaya hanyar. In na yi laifin da ya isa laifi, dole ya yi faɗa. Mutum kuwa ba ya yi wa sauran yara faɗa. Ko zagi ne, sai ya faɗi wanda yake zagi."

"Innalillahi," in ji Malam.

"Yarinyar da kika fasa wa baki fa?" in ji Haladu. "Ita ma cikin dabarar ce?"

"A'a. Ita cewa ta yi babana bai ma san ajin da nake ba."

"Shi ne kika buge ta don ta yi ƙarya?"

"Na buge ta ne don ban sani ba ko gaskiya ta faɗa."

Iska mai zafi ta kaɗo, busassun ganyen darbejiya suka zubo kan tabarma. Rahamatu ta san inda maganar za ta biyo, kamar yadda ake hango hadari tun yana gabas.

"Kwana ashirin da uku ina hawa dutsen nan," in ji Sa'adiyya, "don a can ne kawai sabis ke kamawa sosai. Ina zaune ina jiran faɗan ya shigo. Saƙo biyar ya turo. Akuya ta samu gaisuwa sau biyu." Ta yi wani murmushi marar daɗi. "Ya ji na daina zuwa makaranta, ko a jikinsa. To me zan je in yi a can, Malam? Wa zan kawo wa sakamakon?"

Haladu ya juyo gaba ɗaya.

"Rahamatu. Da kika gaya wa Halliru, me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

Sau nawa ta ɗauki wayar nan da niyyar faɗa? Ta danna, ta yi sallama, ta buɗe baki, sai harshenta ya yi nauyi. Ta yaya za ta fara? Shekara goma sha huɗu ba su taɓa zama ita da mijinta sun yi maganar yarinyar nan baki da baki ba. Ga mutum a garin wasu, yana kwana a tsaye bakin ƙofar wani, ta ƙara masa da wannan? Ga kuma tsoron kada ya ce an bar mata gida ta kasa riƙewa. Sai ta ce gobe. Sai ta ba shi labarin akuya.

"Ban gaya masa ba, Yaya."

Sa'adiyya ta ɗago kai. Yau ne karon farko da ta dubi uwarta ido cikin ido.

"Bai sani ba?"

Rahamatu ta girgiza kai.

"Inna, kina ganina ina fita kullum. Kina ganina ina dawowa da ƙura a ƙafa, ba ta hanyar Gwiwa ba. Naki saƙon ba na buɗewa, na ɗauka kin faɗa tun ranar farko."

"Subhanallahi!" Haladu ya tafa hannu. "Rahamatu, wannan wace irin ɓarna ce? Yarinya tana lalacewa a gabanki, kin zuba ido, kin rufe uban, kin rufe ni? Da Malam bai zo ba sai yaushe? Ai shi ya sa nake cewa mace ita kaɗai a gida..."

Bai ƙarasa ba. Rahamatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan: ta miƙe tsaye babba yana magana. Ta je gaban Malam ta miƙa hannu biyu. Ya sa mata wayar. Ta ja mayafinta daga kan igiya.

"Taso," ta ce wa 'yarta.

"Ina za ku?" in ji Haladu.

"Inda sabis yake, Yaya."

Dutsen yana bayan gari, ba shi da tsawo sosai, amma rana ta gasa shi har yana ratsa takalmi. Rahamatu tana gaba, tana jin takun yarinyar a bayanta.

Daga sama ana ganin Unguwar Ardo duka. Ba ta taɓa kallon garin daga nan ba. Ta ga gidajen da ta sani ɗaya bayan ɗaya: wannan maigidan yana Legas, wancan Abuja, wancan an ce ya tsallaka Libiya, shekara biyu babu labari. Hayaƙi na tashi daga 'yan madafai kaɗan. Ga hanyar Gwiwa ta miƙe fara fat, ba kowa a kanta.

A ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa ta ga wurin zaman. Ƙasa ta yi sumul saboda zama. Ga ɓawon gyaɗa, ga wani littafin rubutu an danne shi da dutse don kada iska ta ɗauka. Ta ɗaga bangon. Ba ta iya karatu ba, amma ta san lambobi. Lissafi ne, shafi bayan shafi, har kusan ƙarshe.

Ashe ba karatun ta bari ba.

Ta miƙa mata wayar.

"Kira shi. Ba saƙo ba, kira. Ki sa yadda za mu ji mu biyu."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, da muryar wanda aka tasa daga barci.

"Rahamatu? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Baban Musaddiƙ. Magana ce a kan... a kan babbar."

Ta rufe ido ta faɗa masa duka, a gajarce, kamar mai shan magani mai ɗaci: kwana ashirin da uku, ranar Juma'a, leɓen 'yar mai faci, saƙo ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ta faɗa masa abin da yarinyar ke jira a kan dutse.

Can ƙasan wayar ana jin wani injin yana ruri.

"Tana nan?" in ji shi.

"Tana jin ka."

"Ke."

Sa'adiyya ta matso.

"Ke, kina jina?"

"Ina ji, Baba."

Ya yi tari. Ya sake yin tari.

"To... a gaya wa Yaya Haladu ya sauke kekena daga zaure, a kai a yi masa faci, a sa sabuwar ƙararrawa. A riƙa hawa zuwa makaranta. In kuma takalmi ne ko littafi, a faɗa, ƙarshen wata zan..."

"Baba, wa zai hau keken?"

"Ke mana."

"Ni wa?"

Rahamatu ta san mijinta. Ta san a yanzu haka yana shafa ƙeya, yana duban ƙasa, ko da yake ba mai ganinsa. Ta ji ya ja iska, ta ji leɓensa ya buɗe.

"Haba, 'yar nan..." in ji shi.

Sai wayar ta yi ƙit. Sabis ya ɗauke.

Sa'adiyya ta tsaya tana kallon fuskar wayar har ta yi duhu. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ajiye ta a kan dutse, kusa da littafin, a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Ki gaya wa Malam kada ya jira ni ranar Juma'a."

Ta juya ta fara gangarawa. Littafin ma ba ta ɗauka ba.

Rahamatu ta bi bayanta da kallo. Taku biyar. Taku goma. Ta ga ƙeyar nan, irin ta uban sak, tana nisa. Ta san in yarinyar nan ta kai gindin dutsen a haka, to ta sauka ke nan, babu Juma'a, babu wata shekara.

Sau ɗaya ta taɓa faɗin sunan a duniya. Ranar suna ne, bayan mata sun watse, ɗaki ya rage daga ita sai jaririya. Ta kai bakinta kunnenta ta raɗa, don ta ji yadda yake a harshe. Daga nan ta haɗiye shi, shekara goma sha huɗu.

Ta buɗe baki. Ya ƙi fitowa. Ta ji kamar Dada da uwarta da duk matan da suka rene ta suna tsaye a bayanta suna kallo. Ta waiwaya. Ba kowa a kan dutsen sai ita.

"Sa'adiyya!"

Sunan ya bugi duwatsu ya dawo mata.

Yarinyar ta tsaya cak. Ba ta juyo ba.

A daidai nan wayar ta fara ƙara a kan dutse, tana zillo, tana haske. Halliru ne ke kira. Ba wadda ta motsa wajenta.

Rahamatu ta tako ƙasa, taku ɗaya, taku biyu, mayafinta ya zame bai dame ta ba. Ba ta sassauta muryarta ba.

"Sa'adiyya, shi yana nesa. Ni ɗaki ɗaya nake kwana da ke, kuma ni na fara yi miki shiru. Ni na ɓoye masa, na bar ki kina jira a rana. Na yi miki laifi, 'yata. Ki yafe mini."